Ƙofa da Taga a Gaban Iskar Gabas

Hadarin farkon damina a yankin Funtuwa da Malumfashi daga gabas yake tasowa, tsakanin Afrilu da Mayu, kuma iska ce ke riga ruwa isowa. Maginan da suka gaji sana'ar sun san haka, shi ya sa ba sa son buɗe bangon gabas. Tagarsu 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi, bangon kuma a laɓta masa makuba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, shaida ne cewa ginin ƙasa ba abin raini ba ne.

Yau manomi ya sayar da masara ko auduga, sai ya fasa bangon tubali ya saka faffaɗar tagar gilashi da ƙofar ƙarfe daga wurin mai walda. Son haske da iska ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne mahaɗar ƙarfe da ƙasa. Siminti ba ya kama jikin laka da kyau; ruwa ya ratsa tsakani, ƙasar ta yi laushi, gajerun ƙafafun firam su saki. Da zarar ƙyaure ya ɓalle, iska ta cika ɗaki, ta tura kwano daga ciki alhali ta waje na fizgarsa sama. Mutane su ce iska ta yaye rufi, ba a tuna cewa ta ƙofa ta shigo. Bayan guguwar Andrew ta 1992, wannan darasi ne ya sa hukumomin kudancin Fulorida a Amurka suka tsananta gwajin tagogi da ƙofofi.

Maganin a hannunmu yake. A binne guntayen azara cikin bango tun ana ɗora tubali, a ɗaure firam a jikinsu, domin gara ba ta cika cin giginya ba. Azarar saman ƙofa ta zarce kamu guda kowane gefe. A ɗaga dokin ƙofa, a sa sakata sama da ƙasa, ƙyauren taga na katako ya riƙa buɗewa waje yadda iska za ta ƙara manna shi. Babbar taga kuwa, in dole ce, a kai ta yamma ko ƙarƙashin baranda. Abin da na fi so in gani shi ne magini da mai walda su zauna tare kafin a auna ƙofa, ba bayan bango ya bushe ba.