Daga jif ɗin Amurka zuwa Hilux ɗin hanyar Zungeru

Mazauna Minna sun saba ganin Hilux ɗin sojoji da babbar bindiga kafe a bayanta, soja guda a tsaye yana riƙe da ita, an nufi Zungeru ko Sarkin Pawa. Dabarar ta girmi masu tuƙa motar nesa ba kusa ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Willys da Ford sun ƙera jif fiye da 600,000, Amurka ta yi ta raba wa ƙawayenta, har Tarayyar Sobiyet kaɗai ta samu kusan 50,000. Ƙaramar mota ce marar sulke, ƙarfinta gudu da ratsa yashi. Sojojin Birtaniya na rundunar SAS suka ɗora mata bindigogi masu aman wuta, a Yulin 1942 suka afka wa filin jiragen Jamusawa na Sidi Haneish a Masar cikin dare da jif 18, suka lalata jirage fiye da 30 tun ba su tashi ba.

Maƙwabciyarmu Chadi ta maimaita wannan a 1987. Faransa ta ba gwamnatin Hissène Habré ɗaruruwan motocin Toyota da makamai masu fasa tanka. A garin Fada suka ragargaza tankokin Gaddafi, domin kafin tanka ta juya bakinta motar ta wuce.

Sai dai duk nasarorin nan a hamada aka yi su, inda mota ke bin duk inda ta ga dama. Dazukan Shiroro da Rafi da Munya ba haka suke ba. Da damina rafuka kan cika, Hilux ba ta da mafita sai hanya ɗaya, 'yan bindiga kuwa a kan babura suke, sun san hanyar, sun san lokacin wucewarta. Sojan da ke tsaye a baya ba abin da ke kare ƙirjinsa. A Agustan 2023 an yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina, jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso waɗanda suka jikkata kuma ya faɗi kusa da Chukuba. Hedikwatar tsaro ta ce sojoji 36 aka rasa.

Ina jin zafin wannan duk lokacin da aka jera sababbin motoci ana bikin miƙa wa jami'an tsaro. A saya, ana bukata. Amma a haɗa da masu sulke, a gyara hanyoyin karkara da gadoji, a kuma kare ran ɗan ƙauyen da zai buga waya ya ce an ga babura a gaba.