Yadda Ake Ƙera Samfurin Jirgin Ruwa Na Tarihi Ba Tare Da An Yi Wa Tarihi Ƙarya Ba

Duk wanda ya tashi a Rido ya san yaran da ke ƙera tankar mai da gwangwanin madara, su yanko tayoyi daga tsohon silifas, saboda tankoki suke gani a hanyar matatar mai. A ƙauye kuma motar kara ce. Wannan fasaha ce, babu musu. Sai dai abin wasa daban, samfuri daban. Abin wasa kamanni kawai ake nema a wurinsa. Samfuri kuwa shaida ne: duk wanda ya kalle shi zai tafi da yaƙinin cewa haka abin yake a zamaninsa. Idan ka yi kuskure, to ka koya wa duk mai kallo ƙarya.

Yanzu da 'yan ajin ƙarshe muke fafutukar furojek, ga bayani ga mai sha'awar ƙera samfurin jirgin ruwa na da. Ƙa'idar guda ɗaya ce: kafin ka taɓa zarto, ka tsayar da jirgi ɗaya, shekara ɗaya, da sikeli ɗaya.

Wane jirgi?

Masu wannan sana'a a duniya sun fi son jirgin da Turawa ke kira kilifa. Ba kilifar aski ba fa! Wani siririn jirgin teku ne na ƙarni na 19 wanda iska kaɗai ke tura shi, an ƙera shi don gudu, yana ɗauko ganyen shayi daga Sin zuwa Landan. Mafi shahara shi ne Cutty Sark, wanda aka saka a ruwa a Dumbarton ta ƙasar Sikotlan a watan Nuwamba 1869, yanzu kuma yana ajiye a Greenwich, a Landan, mutane na zuwa kallo. Tsawon gangarsa ƙafa 212 da rabi, faɗinsa ƙafa 36, ya kuma taɓa haura kilomita 30 a awa da iska zalla.

Amma kilifa jirgin teku ne. Idan kana son wanda ya taɓa tarihinmu, ga Pleiad. Ruwan kogin Kaduna da ke ratsa garin nan yana zuba a kogin Kwara a Muregi, ya gangara Lakwaja ya haɗu da Binuwai. A 1854 Pleiad ya hauro daga teku zuwa wannan mahaɗa, ya shiga Binuwai har ƙasar Muri. John Laird ne ya ƙera shi a Birkenhead ta Ingila, ɗan'uwansa Macgregor Laird ya ɗauki nauyin tafiyar. Likita William Baikie ne ya jagorance ta bayan rasuwar John Beecroft, kuma Samuel Ajayi Crowther na cikin jirgin. Cikin abin da suka fito nema har da labarin Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim. Sun yi wajen wata huɗu a cikin kogi suna shan kwinin, suka fita babu wanda ya mutu. Wannan ne ya nuna wa Turawa cewa zazzaɓin cizon sauro ba zai ƙara tare musu hanya ba, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya. Ka ga ke nan jirgin ya cancanci ɗalibi ya san shi ciki da bai.

Wace shekara?

Jirgi yana sauya kama kamar yadda gida ke sauyawa. Ɗauki Cutty Sark. Har zuwa ƙarshen shekarun 1870 yana harkar shayi da dogayen ginshiƙai. A 1880 aka rage musu tsawo. Daga 1883 ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostireliya. A 1895 aka sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal, sunansa ya koma Ferreira, daga baya ma aka sauya tsarin ƙyallayen da ke kama masa iska. A 2007 ya yi gobara ana cikin gyara, aka sake buɗe shi a 2012. To idan ka ɗauki ginshiƙan 1870 ka haɗa da fentin hoton da ka gani a intanet jiya, ka ƙera jirgin da bai taɓa wanzuwa ba.

Haka Pleiad. Ka rubuta a allon samfurinka: Binuwai, 1854. Daga nan komai sai ya bi wannan shekarar. Gangarsa ta ƙarfe ce, falle-falle da aka haɗa da ƙusar ribit, don a lokacin babu walda irin ta yau. Yana da injin tururi da farfela a baya, yana kuma da ginshiƙai da ƙyallayen iska. A cikin kogi itace suke sara suna ba tukunyar tururi, saboda haka tarin itace a bisa jirgin daidai ne. Fitilar lantarki kuwa, ko tutar kore-fari-kore wadda sai 1960 aka fara ɗaga ta, duk ƙarya ce. Kada kuma ka gauraya shi da Dayspring, ƙaramin jirgin da Baikie ya dawo da shi a 1857, wanda ya fashe a kan dutse kusa da Jebba. Jirage biyu ne daban.

Baikie ya wallafa labarin tafiyar a 1856, Crowther ya wallafa nasa a 1855. Karanta su da biro a hannu, kana fitar da duk jimlar da ta ambaci wani sashe na jirgin. Don fahimtar zamanin kuma, a Kaduna muna da Gidan Arewa da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa. Sannan ka raba sassan samfurinka gida uku: abin da ka samu a zane, abin da ka samu a rubuce, da abin da ka kwatanta daga jiragen zamaninsa. Ka bayyana wannan rabon a rahotonka. Mai jarrabawa daga waje zai fi girmama wanda ya ce "wannan kwatance ne" a kan wanda ya yi shaci-faɗi ya ce tarihi ne.

Wane sikeli?

Sikeli shi ne sau nawa ka ƙanƙanta abu. Tunda da ƙafa da inci aka auna jiragen nan, 1:48 ya fi sauƙi, wato rubu'in inci a madadin kowace ƙafa. Pleiad yana da tsawon kimanin ƙafa 100 da faɗin ƙafa 24, saboda haka samfurinsa zai zama inci 25 a tsawo, inci 6 a faɗi. Zai zauna a kan teburi, zai kuma shiga Keke Napep ranar da za a kai shi makaranta. Cutty Sark a wannan sikelin zai haura inci 53, shi ya sa aka fi yin sa a 1:96, ya dawo wajen inci 26 da rabi.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne ƙananan abubuwa. Sai ka ga an auna gangar jirgi daidai, amma an ɗaura igiya mai kaurin da, in aka mayar da ita girman gaske, ta kai cinyar mutum. Yi lissafi: igiya mai kaurin inci ɗaya, a 1:48 zare ne mai rabin milimita. Kan ribit ma bai wuce haka ba, don haka in ba za ka iya yin sa ƙanana ba, gara ka bar shi. Dabara mai sauƙi ita ce ka yanka ɗan mutum na kwali mai tsayin santimita uku da rabi, wanda ya yi daidai da mutum mai matsakaicin tsayi. Duk ƙofa, matakala ko sitiyarin da ka ƙera, tsayar da shi kusa da su. In sitiyari ya fi shi tsawo, ai ka san akwai gyara.

A tuna kuma tsawo ne kawai ke raguwa sau 48. Fili yana raguwa sau 2,304, nauyi kuma sau 110,592. Shi ya sa samfurin da aka yi daidai da sikeli, in aka saka shi a ruwa iska ta kaɗa, sai ya kife, har sai an ƙara masa nauyi a ƙasa. Tun farko ka yanke shawara: na ajiya ne ko na shiga ruwa.

Aikin hannu

Gangar jirgi ba akwati ba ce, ko'ina lanƙwasa ne. Zanen masu ƙera jirgi yana nuna ta ta fuska uku: daga gefe, daga sama, da kuma yanka-yanka kamar an yanka burodi. Zana su a AutoCAD ko a kan allon zane, ka buga a girman samfurin, ka sake aunawa da rula don firinta takan rage ko ta ƙara.

Hanyoyin ginawa biyu ne. Ta farko, ka yanka alluna bisa zanen sama, ka jera su ɗaya kan ɗaya da gam, sannan ka fere gefuna ka goge da samfefa. Ta biyu, ka kafa ƙashin baya da haƙarƙari na filawud, ka riƙa manna siraran katako a kai ɗaya bayan ɗaya. Ta biyun ta dace da kilifa, domin Cutty Sark haƙarƙarinsa ƙarfe ne, jikinsa katako, an kuma lulluɓe ƙasansa da fallayen gamin tagulla da zink. Ta farkon ta fi dacewa da Pleiad: in ka gama gogewa, sai ka manna fallayen siririn kwali ko na gwangwanin lemo, baki kan baki, su ba da kamannin ƙarfe.

Kayan aiki ba sai an yi odar su daga waje ba. Farin katako mai laushi yana wurin 'yan katako, a Panteka kuma za ka samu wayar tagulla da guntayen bututu na yin bututun hayaƙi da farfela. Zaren ɗinki zai zama igiya, amma ka ja shi a kan kakin zuma don gashinsa ya kwanta, ka rina shi da ruwan shayi don farinsa ya mutu. Guji fenti mai ƙyalli, jirgin da ya yi watanni a kogi ba ya sheƙi kamar sabuwar mota.

Yanayin Kaduna ma abin lura ne. Katakon da ka saya ɗanye da damina zai tsage in hunturu ya shigo. Sayi busasshe, ka ajiye shi a ɗaki 'yan makonni kafin ka yanka, ka shafe ciki da waje da banish. In an gama, a yi masa akwatin gilashi, don ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin zaren nan, fitar da ita sai an yi ɓarna.

Batun lokaci kuma, kada wanda ya ruɗe ka. Bincike da zane za su ci kusan rabin zangon karatu, ɗaura igiyoyi kuma ya fi gina ganga cin rai. Wanda ya bari sai saura sati biyu difens, abin wasa zai kawo. Ku haɗu ku uku ko huɗu: ɗaya ya riƙe karatun tarihi, ɗaya zane da lissafi, sauran aikin hannu. Ku kai wa malamin da ke duba aikinku takardar jirgi, shekara da sikeli ya sa hannu kafin ku sayi ko da ƙusa ɗaya. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.