Gaɓɓai Na Ciwo, Likita Na Nesa

Shirinmu na yau zai fara ne daga tsakar gida, da asuba.

Ga mace mai shekara talatin da 'yan kai ta tashi yin alwala, amma yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa su riƙe buta. Hannu biyun duka sun kumbura, sun yi tsami, sun sandare, ba za su saki ba sai hantsi ya dubi ludayi. A gida wata ta ce sanyi ne ya kama ta, wata ta ce sammu ne. Mai kemis ya ƙulla mata haɗi a leda, ta sha ta ji sauƙi, ta koma. Bayan wasu watanni fuskarta ta cika ta yi fam, jininta ya hau, domin sau da yawa a cikin irin wannan haɗi akwai deksametason ko firednisolon, magungunan da ke kwantar da kumburi amma su raunana ƙashi, su tayar da ciwon suga idan an daɗe ana shan su barkatai.

Abin da ke damunta likitoci na kiransa rumatoyid. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa gaɓɓansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da cutar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Idan aka kama ta a watannin farko, magani na iya tsayar da ɓarnar. Yatsan da ya riga ya karkace kuwa, ƙwaya ba ta miƙe shi.

To ina likitan da zai gane ta da wuri?

An daɗe ana ɗauka cewa cututtukan da garkuwar jiki ke far wa mai ita ba su cika kama baƙar fata na Afirka ba. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya wallafa bincikensa na Ibadan inda ya ga ƙarancinsu a tsakanin majinyata. Maganar ta zauna a kunnuwa shekara da shekaru, kuma abin da ba a sa ran gani ba a cika neman sa ba. Sai da likitoci irin su Farfesa Olufemi Adelowo na Legas suka riƙa tattara bayanan majinyatansu suna bugawa, sannan ta tabbata cewa rumatoyid da 'yar uwarta lufus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke jawo ta, suna nan daram, ƙwararrun da za su gano su ne suka yi ƙaranci. Ƙasar Habasha, mai mutum sama da miliyan 100, ta shafe shekaru ba ta da ƙwararren likitan gaɓɓai ko ɗaya da ke zaune a cikinta.

Horar da ƙwararre guda yana cin shekaru bayan kammala karatun likita, ciwo kuma ba ya jira. Wannan ne ya sa a 2012 Farfesa Omondi Oyoo na Jami'ar Nairobi ya haɗa kai da abokan aiki daga Birtaniya da Suwidin, ciki har da Farfesa Anthony Woolf, suka fara wani shiri a Kenya mai suna Uwezo, wato iyawa da harshen Suwahili. Dabararsu ita ce a horar da 'yan mutane kaɗan su zama masu koyarwa, su kuma su bazu cikin ƙasa su koyar da ma'aikatan lafiya da ke kusa da jama'a. Sun horar da ma'aikatan lafiya fiye da 500 a wurare 11.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a Uwezo shi ne cewa cikin masu koyarwar har da majinyata. Mai ɗauke da cutar yakan zauna gaban ma'aikatan lafiya, ya faɗi yadda ciwon ya faro masa da yadda ya taɓa sana'arsa da zaman gidansa, sannan ya miƙa hannunsa a taɓa. Ɗan yatsa ne ke gane bambancin kumburi mai taushi, na gaɓar da garkuwar jiki ke ci, da ƙullutu mai tauri na guringuntsin da ya zaizaye saboda tsufa. Wanda ya taɓa ya ji sau ɗaya, da wuya ya sake haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya na sanyin ƙashi. Wannan hikima ce da ta cancanci a kwaikwaya, ga ta kuma ba ta buƙatar na'ura mai tsada.

Habasha ta bi wata hanyar. Wata ƙungiyar agaji ta likitoci daga Amurka, Rheumatology for All, ta ɗauki nauyin likitocin ƙasar biyu zuwa Durban a Afirka ta Kudu, inda suka samu horo a hannun Farfesa Girish Mody, suka koma gida suna duba majinyata suna kuma koyar da na baya. Horo a cikin nahiyar yana da ranarsa, domin likitan da ya koyi aiki inda tarin fuka ya yi yawa ya san dole ya bincika shi kafin ya ba da maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki.

A Gana, Dakta Dzifa Dey ta asibitin koyarwa na Korle Bu ta kafa wata ƙungiyar tallafa wa majinyata a 2012. Sama da su duka akwai AFLAR, gamayyar ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai ta Afirka da aka kafa a 1989. A 2019 aka samar da reshenta na yara, PAFLAR, ƙarƙashin jagorancin Dakta Angela Migowa ta Kenya, saboda yaro ɗan shekara uku ma yana iya kamuwa da ciwon gaɓɓai mai ɗorewa. Yanzu darussa da yawa ta intanet ake yin su, likita a Yamai ko Ndjamena yana iya sauraron ƙwararre daga Tunis ko Alƙahira ta wayarsa.

Ilimi kaɗai dai bai isa ba idan magani ya yi wuya. Metotirezet, wanda shi ne ginshiƙin maganin rumatoyid, sau ɗaya a mako ake shan sa, kuma wanda ya kuskure ya riƙa sha kullum yana iya rasa ransa. Yana buƙatar gwajin jini da na hanta lokaci zuwa lokaci, kuma mai ciki ba ta shan sa. Dole mai ba da magani ya san wannan kamar yadda likita ya sani. A 2020 kuma, lokacin da aka yi ta rububin hayidiroksikulorokwin da sunan maganin korona, masu lufus a ƙasashe da dama sun neme shi sun rasa, alhali da shi suke rayuwa.

A Arewacin Najeriya akwai ƙwararrun wannan fanni a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri. Tsakanin matar da muka bari da buta da waɗannan asibitoci akwai kuɗin mota, akwai neman izini da mai rakiya, akwai kuma ma'aikacin lafiya na asibitin shan magani da za ta fara gani. Idan ya samu horo, zai tambaye ta tsawon lokacin da hannun ke ɗauka kafin ya saki da safe, ya matsa gaɓɓan yatsunta a hankali ya ga ko za ta janye, ya ƙirga makonnin da kumburin ya yi. Idan sun kai shida, sai ya rubuta mata takardar turawa babban asibiti a ranar.