Damagum: Garin Kan Hanya da Abin da Baƙo Zai Tarar

Damagum ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe. Tana zaune a kan babban titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri, kimanin kilomita 30 gabas da Potiskum, kusan kilomita 70 kuma kafin a isa Damaturu. Ƙaramar hukumar tana da faɗin ƙasa murabba'in kilomita 4,948, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 300,760, adadin da ya zarce na ƙaramar hukumar Potiskum a wannan ƙidayar. Sai dai jama'ar Fune a warwatse suke cikin ƙauyuka da rugage, shi ya sa hedikwatar tasu ba ta kai maƙwabciyarta cika da hayaniya ba. Barebari da Fulani da Karekare da Ngizim da Hausawa ne ke zaune a yankin, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da na tasha.

Fune ta girmi jihar da take ciki, domin tana nan a matsayin ƙaramar hukuma tun zamanin tsohuwar jihar Borno, kafin a yanko Yobe ranar 27 ga Agusta, 1991. Ta fuskar sarauta, a cikinta akwai masarautar Fune, wadda fadarta ke Damagum, da ta Ngelzarma. A siyasa tana cikin mazaɓar sanatan Yobe ta Kudu tare da Potiskum da Fika da Nangere. Mutanen kudancin ƙasar nan da yawa sun fara jin sunan garin ne ta dalilin Ambasada Umar Iliya Damagum, wanda ya karɓi riƙon shugabancin jam'iyyar PDP na ƙasa a 2023.

Duk wanda zai fahimci Damagum sai ya fara da titi, domin shi ne cibiyar garin. A 2006, zamanin mulkin Obasanjo, gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aka raba aikin gida biyar: Kano zuwa Shuwarin, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Potiskum, Potiskum zuwa Damaturu, sai Damaturu zuwa Maiduguri. Damagum ta faɗo a kashi na huɗu, mai tsawon kusan kilomita 96. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, ya ci gwamnatoci, ga ƙarancin kuɗi ga rashin tsaro, amma a ƙarshe wannan kashi ya samu. Tsohon direba ba ya manta yadda ake gwamutsuwa da tireloli a kan siririn kwalta guda, mai zuwa da mai dawowa, ana kauce wa ramuka. Yanzu kowa da hannunsa, tafiya ta ragu, karon gaba-da-gaba ma ya yi sauƙi.

Kyan titin ya zo da nasa caji. Motar da ta samu shimfiɗaɗɗiyar kwalta gudu take yi, kuma direban da ya san zai kai Damaturu cikin awa guda bai cika ganin dalilin tsayawa a tsakani ba. Mai talla kuwa abincinsa yana wurin motar da ta tsaya. Ga kuma tsallaka titi, wanda ya zama aiki ga tsoho da ɗan makaranta da makiyayin da ke koro garke. Titin ba ya rasa barazana daga ruwa ma: a daminar 2024 ambaliya ta yanke shi a yankin Katagum ta jihar Bauchi, kuma duk garin da ke cin abinci daga wannan hanya ya ji a jikinsa, ko da yake ɓarnar ta auku nesa da shi.

Bayan na titi, canji na biyu shi ne na tsaro, kuma shi ya fi shafar zuwan baƙi. Daga 2011 zuwa 2015 wannan yanki ya sha wuya a hannun Boko Haram. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu ta Potiskum. A Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A Yulin wannan shekarar aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, wadda ke kan wannan hanya tsakanin Potiskum da Damagum, aka kashe mutum 42, galibinsu ɗalibai. A lokacin shingayen bincike sun yi yawa har tafiyar awa guda takan koma ta rabin yini, fasinja yakan sauka ya taka da ƙafa ya wuce shinge, kuma an haramta hawa babur. Babur kuwa shi ne jakin mutumin ƙauye na zamani. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake fito da buhun wake zuwa bakin titi. Sai a 2022 gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage haramcin a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Fune da Potiskum. Shekarun haramcin ne suka ba Keke Napep damar kafuwa, ga shi kuma babur ya dawo ya same shi, yanzu su biyun ke raba fasinja. Shingaye ba su ƙare ba, amma sun ragu ƙwarai. Duk da haka, mai zarcewa Maiduguri har yau yakan lissafa tafiyarsa yadda zai wuce Damaturu da sauran rana.

Abin da baƙo zai fara tararwa a Damagum shi ne hidimar bakin titi. Mota ba ta gama tsayawa ba 'yan talla sun kewaye ta, faranti a ka, ana miƙo dafaffen ƙwai da gyaɗa da ruwan leda ta taga, kowa na kiran "Alhaji" ko "Hajiya" ko da wanda ake kiran bai taɓa taka Jidda ba. A gefe mai shayi ya jera gwangwanayen madara da burodi a kan tebur, tukunyarsa na tururi tun asuba. Matan Fulani suna zaune da ƙoren nono, an rufe da faifai, ludayi a sama. A dama wa mutum fura nan take, ya ce a ƙara sukari ko a bar shi haka. Da la'asar masu tsire da balangu ke hura wuta. Kusan kowane gidan mai yana da ɗan masallaci da butoci a jere, saboda haka matafiyi ba ya rasa wurin alwala da salla. Mai faci da bakanike suna nan kusa, kuma a kan wannan hanya babu sana'ar da ta fi tasu amfani ga wanda tayarsa ta yi ƙasa da tsakar rana.

Sababbin sana'o'i biyu sun shigo wannan layi a 'yan shekarun nan. Ta farko ita ce ta masu POS, waɗanda ke zaune ƙarƙashin laima ko cikin ɗan kes da na'ura a hannu, suna ba da tsabar kuɗi su cire ladansu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya koya wa mutane da yawa tura kuɗi ta waya, har dillalin awaki da mai nama suka iya cewa "turo ta asusu". Wanda ke da hulɗa mai nauyi da banki dai gara ya nufi Potiskum ko Damaturu. Ta biyun ita ce duk wata sana'a da ta rataya a kan sola. Wutar lantarkin Yobe tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola, kuma ba abar dogaro ba ce. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 janareta ma ya zama sai mai hali. Sai allunan sola suka hau rufin shaguna da masallatai da rijiyoyin burtsatse. Da su ake cajin waya, da su ake sanyaya ruwa da zoɓo, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan sanyi ba ƙaramin kaya ba ne.

Garin yana da babban asibiti na gwamnatin jiha, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da ofishin 'yan sanda, da kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnati. Ciwon da ya fi ƙarfin asibitin akan tura shi Potiskum ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.

Wurin kwana ne inda ƙarancin garin ya fi fitowa. Yawancin masu zuwa Damagum don biki ko ta'aziyya ko cin kasuwa a gidan ɗan'uwa ko na maigidansu na kasuwa suke sauka, bisa tsohuwar al'adar fatake: baƙo yana da mai masauki, shi zai ba shi ɗaki da tuwo, shi zai tsaya masa a ciniki. Wanda ba shi da kowa, ko ma'aikacin da ke son ɗaki mai fanka da makewayi a ciki, yakan koma Potiskum ya kwana, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Wannan kusanci alheri ne ga baƙo, amma shi ne kuma ya hana masu kuɗi zuba jari a masauki a Damagum ɗin kanta.

Potiskum ɗin dai dole ta shigo cikin lissafin duk mai ziyarar wannan yanki. Kasuwar shanunta, wadda ke ci ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, daga nan ake lodin tireloli zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen kudu. A can fadar Sarkin Fika take, da ta Sarkin Pataskum, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha. Mutanen garin sun yi suna wajen mallakar manyan motoci, abin da ya sa gwamnatin jiha ta gina musu tashar tireloli, ta kuma yi sabuwar kasuwa ta zamani. Dabbobi da hatsin da ake gani a can, wani kaso mai yawa daga ƙasar Fune yake fitowa: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, da shanu da tumakin da ake tarawa a kasuwannin mako irin na Damagum da Ngelzarma.

Babban abin tarihin Fune kuwa ba a Damagum yake ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a gefen kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungumen itace guda. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone shi a 1994, aka ciro shi daga ramin a 1998. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita. Gwajin da aka yi wa itacen ya nuna ya kai shekara 8,000, wato babu jirgin ruwan da aka taɓa tonowa a Afirka da ya girme shi, a duniya ma ƙalilan ne, irin na Pesse da ke ƙasar Holan. Ya girmi dalar Masar da dubban shekaru. Yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa ya nuna masassaƙan ba sababbin hannu ba ne, sun gaji sana'ar ne daga na gabansu. Yana kuma ba da shaidar cewa wannan ƙasa mai yashi da ƙaya ta taɓa zama ƙasar ruwa, a zamanin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. An kai kwalekwalen Damaturu, inda yake hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Saboda haka mai son ganinsa wuce Damagum zai yi, kuma abin mamaki ne yadda dubban matafiya ke ratsa garin kullum ba tare da sanin cewa daga ƙasarsa aka tono shi ba.

Game da lokacin zuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi. An gama girbi, kasuwanni sun cika da sabon hatsi, hanyoyin ƙauye sun bushe, sai dai a yi shirin ƙurar hunturu da sanyin asuba. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, takan mayar da dajin kore shar, amma hanyoyin da suka bar kwalta zuwa ƙauyukan arewacin Fune sukan yi wuyar bi, wani wurin sai babur ko amalanke. Motocin Yobe Line da na Borno Express da ƙananan motocin haya suna bi ta garin daga safe zuwa yamma, kuma wanda ya tsaya a bakin titi da hantsi ba ya daɗewa bai samu ta Potiskum ko ta Damaturu ba.