Zoɓo Da Kalmomin Ɗanɗanonmu

A yankin Burgundi na ƙasar Faransa ana noman wani inabi mai suna pinot noir, wanda ake yin jar giya da shi. Mu dai addini ya haramta mana ita, amma akwai abin lura: Faransawa sun fayyace tsaminta da ƙamshinta, sun ware mata naman agwagwa da kifi, har UNESCO ta sanya gonakin cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Mu ma muna da jan abin sha na halal, wato zoɓo. Dattijuwa a Ƙaraye ko Rogo ta san tsaminsa ke yanke maiƙon tsire da balangu, citta da kanumfari su ba shi ƙamshi, mazarƙwaila ta kashe baurinsa. Tana rarrabe tsami da bauri, zaƙi da garɗi. Jikanta ɗan jami'a kuwa kalma guda ya riƙe: "daɗi".

Ana jigilar zoɓonmu buhu-buhu zuwa Meziko, mu muna zubar da kalmominsa. Wanda bai iya siffanta hajarsa ba, wani ne zai yanka mata farashi. Wajibi ne masana harshe su taskace waɗannan kalmomi tun dattawan na raye.