Kaska: Ɗan Hakin Da Muka Raina

A Sandamu, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, mun taso muna ɗaukar cire wa dabba kaska a matsayin aikin yara. Ni kaina na sha tuge ta daga kunnen tunkiya, in murtsuke ta da yatsu, in goge jinin a riga. Sai da na girma na gane da wuta nake wasa.

Wasu nau'o'in kaska na ɗauke da ƙwayar bairos mai haddasa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya-Kwango. An fara sanin cutar a Kirimiya a 1944, aka samo ƙwayarta a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takan kashe mutum 10 zuwa 40 cikin 100 da suka kamu. Saniya ko raƙumin da ke ɗauke da ita ba ya nuna alamar ciwo. Makiyayi da mahauci da ma'aikacin asibiti ne ke kwana a ciki.

Kada mu ɗauka cutar nesa ce. Samfurin ƙwayar da masana suka fi amfani da shi wajen bincike, daga kaskar Sakkwato masu bincike na Ibadan suka samo shi a 1966.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawan ire-irenta. Kundin gadon ƙwayar kashi uku ne. Idan iri biyu suka haɗu a jikin kaska ɗaya, sukan yi musayar ɓangarori, a samu sabon iri. Don haka gwajin da aka tsara bisa irin wata nahiya na iya kuskure namu. A 2016 cutar ta kashe wani mutum a Sifaniya, aka gano irin na da dangantaka da na Afirka ta Yamma.

Kasuwar Mai'aduwa, inda dabbobin Nijar da namu ke cuɗanya, tana kusa da mu ƙwarai. Ya kamata gwamnatin Katsina da jami'o'inmu su riƙa tattara kaska a nan ana tantance irin da ke yawo, likitoci kuma su riƙa tambayar mai zazzaɓi sana'arsa.

Mu kuma namu mai sauƙi ne: mu daina murtsuke kaska da hannu, mu sa safar hannu wajen fiɗa, mu yi wa dabba feshi mako biyu kafin yanka, musamman dabbar layya.