Yadda Ake Sa Hoto A Firam Ya Daɗe, Da Yadda Ake Koyon Sana'ar

Ga taƙaitaccen bayanin abin da muka tattauna a filinmu na sana'o'in hannu, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna wurin kiwo.

Abin da ya jawo maganar saƙo ne daga wani ɗan'uwanmu mai fataucin shanu tsakanin Damagaram da kasuwar Maigatari. Yana da hoton mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, wanda aka ɗauka shekarar da ya sauke farali, kuma shi kaɗai ne hotonsa da ya rage a gidan. Ya saya masa firam a kasuwa, ya rataya. Bayan damina biyu sai ya ga hoton ya manne da gilashi. Da ya ja gefe ɗaya, sai rabin rawanin ya biyo gilashin. Yana tambaya ko akwai gyara.

To Alhaji, amsar farko ita ce kada ka ƙara ja. Ɗauki hoton tare da gilashinsa ka kai wa mai ɗaukar hoto, ya ɗauke shi ta cikin gilashin, ya gyara a kwamfuta, ya wanke maka sabo. Ka ce ya tura maka kwafi a waya. Tsohon kuma ka adana shi yadda yake.

Me ya sa hoto ke mannewa?

Fuskar hoton da aka wanke tana da wani shafi mai kama da ƙaro. In ya sha laima sai ya yi laushi ya zama gam. Da damina, ɗaki kan yi zafi da rana ya huce da dare, sai raɓa ta taru a cikin gilashi ta ciki. Idan hoton na jingine da gilashin, shi ke nan. Maganin abu ne mai sauƙi: a bar ɗan fili tsakaninsu. Mai sana'ar da ya san aikinsa yana yanka kwali mai kauri, ya buɗe masa taga a tsakiya, ya ɗora a kan gefunan hoton kafin ya sa gilashi. Mutane na ɗauka ado ne kawai, alhali shi ne ke hana gilashi taɓa hoto.

Bayan laima akwai ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta kowace kafa. Akwai rana, mai koɗar da launi ko da akwai gilashi. Akwai hayaƙin murhu, sannan ga gara da kyankyaso masu bin kwali da gam. Saboda haka kada a rataya hoto inda rana ke dukansa, ko kusa da madafa, ko a bangon da ke jiƙa. A bangon ƙasa, a liƙa ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa na bayan firam, ya ɗan ɗago daga bango don iska ta riƙa wucewa.

In za ka saya, juya bayansa

Araha ba ta ado. Kafin ka biya, duba abu huɗu. Na ɗaya, kusurwoyi: su haɗe ba kafa. Na biyu, abin da aka sa a baya. Kwalin katon mai ruwan ƙasa yana sa takarda ta yi ja ta riƙa karyewa. In dole ne a yi amfani da shi, a shimfiɗa farar takarda mai kauri tsakaninsa da hoton. Na uku, yadda aka kafa hoton. Ba a shafe bayansa duka da gam, ba a kuma sa masa salatif, don yana barin tabo mai maiƙo da ba ya fita. Ana maƙala shi ne ta sama kawai, wuri biyu, da ƴan guntayen takarda, domin takarda na buɗewa da damina ta tsuke da rani. In an ɗaure ta ko'ina sai ta yi ƙundu. Na huɗu, a rufe bayan firam ɗin kewaye da takarda mai gam, don ƙura da ƙwari su rasa ƙofa.

Gilashi ko roba?

Gilashin hoto kaurinsa milimita 2 ne, kuma falle mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana kai kilo 5. Wasu na sa na taga mai milimita 4, nauyinsa ninki biyu ke nan, sai ƙusa ta gaza ko kusurwa ta buɗe. Ga makiyayi mai tashi da sauka, gilashi wahala ne. Gara farar roba mai ƙarfi wadda ake gani ta cikinta: nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma ba ta tarwatsewa a kan jaki ko raƙumi. Aibinta tana jan ƙura kuma tana saurin ƙarzuwa, don haka da tsumma mai laushi ake share ta.

Allon zayyana da takardun hukuma

Allon zayyana da ake yi wa yaro in ya sauke Alƙur'ani ba a matse shi kamar hoto. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na wanke ta, kun dai san yadda ake wanke allo. Don haka kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Akwati mai zurfi ake yi masa, a ɗaure shi ta wuya da zare ko siririyar fata, ba tare da huda shi da ƙusa ba. Haka ake yi wa aikin dukawa da kayan azurfa na maƙeran Agadas.

Takardun da ake nema a hanya kuwa, kamar ta rigakafin dabbobi ko ta ƴan duwan, ba na bango ba ne. A sa su cikin leda mai kauri a jaka. Takardar shaidar gama lakwal ko ta fili, a yi kwafi a sa kwafin a firam, a ɓoye ta ainihi. A yi hattara da liƙe ta cikin leda da injin zafi, don ba ta sake fitowa, kuma wasu ofisoshi ba sa karɓar wadda aka liƙe.

Ga fatake masu ɗaukar kaya

Wanda ke saro firam daga Kano ko Katsina ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi ya san abin da gargada ke yi. Gilashi a tsaye ake ɗaukarsa, a kan gefensa, kamar yadda ake jera faranti. In aka kwantar da shi, rami ɗaya ya isa. A haɗa firam biyu biyu, fuska da fuska, da kwali a tsakani, a naɗe kusurwoyi, kada a ɗora buhu a kai. Mafi sauƙi ma, a ɗauko sandunan firam da ba a yanka ba, a yanka gilashi a garin da za a sayar.

Mai son ya koya

Wannan ne ya kawo mu ga matasa. Sana'ar ta haɗa aikin mutum biyu, kafinta da mai yankan gilashi, kuma a wurinsu ake koyonta. Jarin farawa bai da yawa: tef na awo, sukwaya, zarto mai ƙananan haƙora, akwatin da ke riƙe zarto a kusurwa, gam na katako, ƙananan ƙusoshi, wuƙa mai kaifi da abin yankan gilashi.

Awo ake fara koya. Firam sanda huɗu ne, yanka takwas, kowane a digiri 45, kuma sanduna biyu masu fuskantar juna dole tsawonsu ya zo daidai. In an haɗa, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, firam ya karkace. Gilashi ana rage masa kamar milimita 2 daga ramin da zai zauna, saboda katako na motsi da sauyin yanayi. Wajen yanka shi, layi ɗaya ake ja, sau ɗaya, sannan a karya. Mai maimaita layi yana ɓata gilashin da abin yankan duka. Yaro ya yi ta gwaji da guntaye kafin a ba shi kayan mutane.

Abu na ƙarshe da maigida na kirki ke koya wa yaronsa shi ne amana. Katako in ya lalace ana sayen wani. Hoton mahaifin mutum kuwa, ko allon saukar ɗansa, ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Ka wanke hannu kafin ka taɓa, kada ka datse gefen hoto don ya shiga firam ɗin da kake da shi, kuma kada ka yi masa abin da ba za a iya warwarewa ba.

Masu tambaya su ci gaba da aiko da saƙo kamar yadda aka saba. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci dukiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.